Yadda za ka haɗa mutum-mutumin roba na Gundam ka yi masa fenti a danshin Legas

Salamu alaikum 'yan uwa. Samarinmu na Agege da Idi-Araba da suke ganin mutum-mutumin roban nan na Japan a YouTube suna yawan tambaya wai ya ake haɗa shi kuma wane fenti ake sa masa, to ga bayani daidai gwargwado, amma tun daga farko in faɗa maka gaskiya, fentin da kake ɗoki shi ne abu na ƙarshe, kuma a garin nan ba tsadar kayan aiki ce ke raba mai kyau da mara kyau ba, yadda ka yanke robar ne da kuma ranar da ka zaɓa ka yi feshi.

Kamfanin Bandai ne ke yin su, ana ce musu Gunpla. Katun ɗin Gundam ya fara fita a talabijin ɗin Japan a 1979, a 1980 suka fitar da kwalin farko a kan yen 300 na kuɗin Japan, har yau kuma babbar masana'antarsu tana Shizuoka. Abin da zai fara rikita ka wajen saye shi ne haruffan da ke jikin kwali. HG shi ne 1/144, wato an rage girman na asali sau 144, tsayinsa in ka gama yawanci wajen santimita 13 ne, domin shi Gundam na asali a labarin mita 18 ne. MG 1/100 ne, wajen santimita 18, yana da ƙashin ciki da sai ka haɗa kafin ka ɗora masa sulke. PG 1/60 ne, wajen santimita 30, wannan na masu kuɗi ne da masu lokaci. Akwai RG da ya fito a 2010, girmansa ɗaya da HG amma gutsattsarinsa ƙanana ne ƙwarai har wani sai ka ɗauke shi da hantsaki, dan Allah kar ka fara da shi don ka ga hotonsa ya fi kyau. Ka fara da HG ko kuma Entry Grade wanda shi ko filaya baya buƙata, da yatsa ake ɓalle shi. Duk waɗannan ba sa son gam, matsa su ake su kama juna, kuma robar da kalarta take zuwa, ja da fari da shuɗi da rawaya, wato ko baka sa fenti ba zai fito da kamanninsa.

Akwai na kwaikwayo da ake yi a China masu araha, in za ka saya a intanet ka duba tambarin Bandai a jikin kwalin. Ni ba zan ce kar ka saya ba, aljihu kowa ya san nasa, amma sau da yawa ramukansu ba sa hawa daidai sai ka fere ko ka sa gam, kuma sabon shiga ba zai gane laifin robar ne ko nasa ba. In kuma kana cikin masu kaffa-kaffa da ajiye abu mai siffar mutum a ɗaki, duk bayanin yanka da fentin nan yana aiki a kan motoci da jiragen sama na roba irin na kamfanin Tamiya, bambancin kawai su sai da gam.

Kayan aiki kusan duk Legas na da su in ka san layin da za ka bi. Ƙaramar filayar yanke waya mai lebur ɗin baki ta gefe ɗaya, irin wadda masu gyaran waya ke amfani da ita, tana nan a Computer Village a Ikeja, a can za ka samu hantsaki mai tsini da 'yan maƙalan ƙarfen nan masu haƙora da masu gyaran rediyo ke kama waya da su, ka sayi kamar ashirin za su yi maka amfani wajen fenti. Samfefa ka nemi ta masu fentin mota, mai lamba 400 da 600 da 800 da 1000, wajen Ladipo a Mushin ba ta wuya, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi babba mai laushi. Sai wuƙa mai siririn baki ko sabuwar reza, da abin goge farce na mata mai soso a ciki wanda ake sayarwa a shagunan kayan kwalliya. Akwai filaya ta musamman ta Japan mai kaifi ɗaya da ke yanka kamar ba a yanka ba, tana da kyau ba musu, amma kuɗinta zai saya maka wani kwalin, ka bari sai ka tabbatar harkar ta shige ka. Abin yanke farce kuma ka rabu da shi, bakinsa a lanƙwashe yake yana cin jikin robar.

Da ka buɗe kwali za ka ga gutsattsarin a manne jikin firam-firam na roba, kowane firam da harafinsa A, B, C, kowane guntu da lambarsa, littafin ciki zai ce maka ɗauko A12 ka haɗa da B7. Ko rubutun Japananci ne kar ya dame ka hotuna ne ke magana, inda ka ga ×2 yana nufin ka yi guda biyu, kamar hannaye ko ƙafafu. Kar ka yanke komai gaba ɗaya ka tara a faranti, lambar a jikin firam take ba a jikin guntun ba, in ka raba su shikenan ka shiga uku wajen gane na hagu da na dama. Abin da shafin ya ce kawai za ka yanka. Kuma ka yi aikin a cikin murfin kwalin ko faffaɗan tire, domin guntu ɗaya in ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin katifa ko ya bi ramin tayil, a Legas babu inda za ka je ka sayo shi shi kaɗai.

Yanzu ga inda aikin yake, yanka. Kowane guntu akwai ɗan siririn wuya da ya haɗa shi da firam, kuma abin da kowa ke yi a farko shi ne ya kafa filaya daf da jikin guntun ya datse sau ɗaya, sai wajen ya yi fari fat ko ma ya rarake. Dalili shi ne filaya ba yanka zalla take ba, matsewa take, robar in ta ji matsi sai ta yi farin tabo kuma tabon yana shiga ciki. Sau biyu ake yanka. Na farko ka datse nesa da guntun ka bar masa ɗan tsini kamar milimita 2, ka cire shi daga firam ya zama yana hannunka kana juya shi yadda kake so, sannan na biyu ka juya lebur ɗin gefen filayar ya fuskanci guntun ka rage tsinin ya saura kaɗan, sauran kuma da wuƙa za ka fere shi a hankali a hankali, ɓawo-ɓawo, bakin wuƙar yana barin yatsanka ba yana nufo shi ba. In ɗan fari ya rage ka murza wajen da farcen babban yatsa, za ka yi mamakin yadda yake dushewa. In za ka yi fenti daga baya to bi da samfefa, 600 sannan 800 sannan 1000, kuma ka manna samfefar jikin wani abu mai lebur kamar sandar askirim, in ka naɗe ta a yatsa gefunan da ya kamata su yi kaifi za su dakushe su yi kumburi-kumburi. Jan roba da shuɗi mai duhu su suka fi tona asirin mai gaggawa, fari yana rufa asiri. Masu garai-garai kamar gilashi kuwa, na idanu da takobin haske, sun fi kowa saurin tsagewa, ka bar musu tsini mai tsawo ka yi ta ragewa.

Wajen haɗawa ba wani abin wahala, sai dai 'yan baƙaƙe ko toka-tokan roban nan masu taushi na gaɓoɓi, su ka kula da fuskar da suke kallo kafin ka rufe, in ka rufe a juye buɗewar aiki ce. Ƙahon goshin nan mai kama da V shi ne ya fi karyewa, ka bar shi sai ƙarshe. In ka san za ka warware don fenti kar ka matse gutsattsarin har ƙarshe, ko kuma ka ɗan datse kan turakun ciki a karkace yadda za su fita da sauƙi.

Shawarata ga kwalin farko, kar ka sa masa fenti sam. Ka cika masa layuka kawai. In ka duba jikin sulken za ka ga 'yan siraran ramuka da aka zana, in ka bi su da biro mai siririn baki sosai, irin Gundam Marker ko na masu zanen gini, sai abin ya tashi daga kayan wasan yara ya koma kamar inji na gaske. Toka a kan fari, baƙi a kan shuɗi da toka, ruwan ƙasa a kan ja da rawaya, baƙi a kan fari yana yin ƙarfi da yawa ni dai ba ya burge ni. Inda ya zarce ka goge da magogin fensir ko audugar goge kunne. Sitikar ido kuma da hantsaki ake ɗora ta a danne da tsinken sakace, yatsa yana da maiƙo gam ɗinta zai mutu. Wannan kaɗai ya isa a tsaya kallon abinka.

To in ka kai ga fenti, ka san iri uku ne kuma ba sa shiri da juna yadda ka ga dama. Akwai laka, wato lacquer da Turanci, irin Mr. Color, shi ya fi ƙarfi da saurin bushewa da wari. Akwai akirilik irin Vallejo da Tamiya, warinsa kaɗan ne, na Vallejo ma da ruwa ake tsinka shi. Akwai enamel mai jinkirin bushewa wanda aka fi amfani da shi wajen cika layuka. Ƙa'idar ita ce mai ƙarfi a ƙasa, laka a fara, akirilik ko enamel a kai, in ka juya ka shafa laka a kan akirilik zai narkar da shi ya yamutse. Mu a nan akwai wata matsalar kuma, gwangwanin feshi abu ne mai kama wuta saboda haka masu aiko kaya ta jirgin sama ba sa son ɗaukarsa, shi yasa na Japan ɗin ke wuyar samu in ma ka samu da tsada. Abin da ya fi sauƙi ga mai zama a ɗaki ɗaya shi ne akirilik na kwalba da buroshi mai laushi. Na tub ɗin da ɗaliban zane ke saye wajen Yaba ma yana yi in ba yadda za ka yi, amma yana da kauri kuma yana saurin kankarewa, dole sai da firaima, wato shimfiɗar farko, a ƙasa da kiliya, wato fentin kariya mara kala, a sama.

Kafin komai ka warware shi, ka wanke gutsattsarin da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin goge baki don maiƙon hannu da garin samfefa su fita, ka bar su su kwana su bushe, ruwa yana maƙalewa a ramukan ciki kuma ɗigo ɗaya in ya fito lokacin feshi ya gama da wajen. Sai ka je wajen mai tsire ka roƙi tsinkaye ko ka sayi sababbi, ka maƙala ƙarfen nan mai haƙora a kan kowane tsinke, ka kama guntun ta ciki inda ba a gani, ɗaya bakin tsinken ka soke shi a farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin. Da haka hannunka ba zai taɓa fenti ba. Turakun gaɓoɓi ka naɗe su da salatif na takarda, fenti yana ƙara musu kauri sai gaɓar ta ƙi shiga ko ta tsage, roba mai taushin nan kuma fenti ba ya kama ta ma kar ka wahalar da kanka.

Firaima ita ce shimfiɗar farko, tana sa fenti ya kama kuma tana nuna maka duk inda samfefa ba ta gama aiki ba. Toka ce aka fi sawa, amma inda za ka sa ja ko rawaya ko fari ka sa farar firaima, rawaya a kan toka kore-kore yake komawa. In gwangwanin feshi na kasuwa ka samu, irin na masu fentin ƙofa da babur, to kar ka kusanci Gundam ɗinka da shi sai ka gwada a bayan cokalin roba na tekawe ko a ragowar firam, wasu tinarsu, wato ruwan da ke tsinka fentin, tana da zafi tana cin roba ta sa ta yi ƙuraje. Ka girgiza gwangwanin sosai kamar minti 2, ka tsaya nesa da santimita 20, ka fara danna feshin a gefe kafin ya iso kan guntun ka wuce da shi ka saki a ɗaya gefen, kar ka taɓa tsayawa a kansa. Zagayen farko ya zama kamar ba ka yi komai ba, kana hango kalar robar ta ƙasa, ka jira minti 15 ka sake, sau 2 ko 3. Mai son ya rufe a tashi ɗaya shi ne fentinsa ke zuba yana cike layukan da ya biya kuɗi dominsu.

Da buroshi ma haka ne. Ka tsinka fentin ya yi ruwa kamar shayin mai shayi da ya ji madara, ka rage na jikin buroshin a gefen murfi, ka ja ta fuska ɗaya, kuma kar ka koma kan wajen da ya fara bushewa don ka gyara, nan ne sawun buroshi ke fitowa. Shafin farko zai yi muni, dabbare-dabbare, kowa nasa haka yake, ka daure ka bar shi ya bushe, na biyu ka ja a gicciye, a na uku zai haɗe.

Sai maganar da masu bidiyon Turai da Amurka ba za su dame kansu da ita ba, danshi. Legas bakin teku ce, da damina danshin iska yana wuce kashi 80 cikin 100, su kuwa masu harkar nan suna gudun feshi da zarar ya haura 70. Abin da ke faruwa shi ne tinar da ke cikin feshin tana tashi da sauri sai ta sanyaya fuskar guntun, ruwan da ke cikin iska ya sauka a kai ya maƙale cikin fentin, ka ga shuɗinka mai kyau ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, kuma kiliya mara sheƙi ita ta fi kowa wannan halin, ga shi ita ce ta ƙarshe bayan ka gama duk wahalar. Saboda haka ba a feshi da asuba, ba a yi da daddare, ba a yi ranar da aka yi ruwa ko hadari ya haɗo, watan Yuni da Yuli ma ni cewa zan yi ka yi ta yanka da goge-goge ka tara aikin. Ka nemi ranar da rana ta buɗe tun safe ka yi tsakanin azahar da la'asar, kuma kullum cokalin roba ya fara sha kafin Gundam, in cokalin ya yi hazo ka rufe gwangwaninka ka bari sai wata rana. In ta riga ta faru kar ka kankare, sau da yawa in ka fesa kiliya mai sheƙi a kai a ranar da iska ta bushe hazon yana narkewa ya tafi. Lokacin hunturu wajen Disamba da Janairu iskar ta fi dacewa, sai dai ƙura, don haka da ka gama feshi ka kifa babban kwali a kai. Kuma a inuwa ake shanya, ba a kan kwano ko bonet ɗin mota ba, zafin rana yana lanƙwasa siraran gutsattsari. Bushewar taɓawa daban kamawa daban, ka ba shi awa 24 kafin ka manna salatif ko ka haɗa, da damina ka ƙara.

Dan Allah kar ka yi feshi a ɗaki ko a lungun gidan haya inda matan gida ke girki da risho ko gas, abin yana kama wuta kuma warin yana hawa kai, ka fita fili bayan gida nesa da janareta iska na kaɗawa daga bayanka. Takunkumin kyalle ko na asibiti ƙura kawai yake tarewa ba tururin tina ba, in za ka riƙa yi da yawa ka nemi mai gwangwani biyu irin na masu fentin mota. Yara kuma a kula, gutsattsarin nan daidai bakinsu suke.

Bayan kala ta kama, in kana son layukan su fito tsaf ka fesa kiliya mai sheƙi tukunna, sannan ka ɗiga enamel mai ruwa-ruwa irin Panel Line Accent Color na Tamiya a bakin layin, da kansa zai gudu ya bi ramin har ƙarshe, wallahi kallon wannan kaɗai daɗi ne da shi. In ya bushe ka goge ɗigon da auduga mai ɗan laimar tinar enamel, laima fa ba jiƙewa ba. Abin kiyayewa shi ne enamel da tinarsa suna sa roba ta yi gautsi, musamman wadda aka rubuta ABS a jikin firam ɗinta, in ya kwarara cikin gaɓar da ke a matse sai ka wayi gari ta tsage, shi yasa ake yin sa a kan gutsattsari a warware kuma a kan kiliya. Biron Gundam Marker kuma a kan fenti ka yi hattara, wasunsu suna narkar da fentin ƙasa.

Sitikar tambarin da ake jiƙawa da ruwa a manna a jikin sulke ka yanko ɗaya ɗaya, ka tsoma kamar daƙiƙa 10, ka ajiye ya saki, ka zame shi daga takardar zuwa wajensa da tsinken sakace ka matse ruwan da auduga. Ragowar takardar ka sa a leda mai zif da ɗan ƙunshin garin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, in ba haka ba damina ɗaya za ta manne ta. Daga nan sai kiliyar ƙarshe, mara sheƙi in kana son ya yi kama da motar yaƙi, mai sheƙi in kana son ya yi ƙyalli, amma ka cire masu garai-garai ka ajiye gefe domin mara sheƙi dusashe su take.

In fenti ya ɓaci gaba ɗaya kuma akirilik ne, ruwan isofurofil da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi yana cire shi ba tare da ya ci robar ba, ka jiƙa ka bi da buroshin goge baki ka sake daga firaima. Gaɓar da ta saki ta daina riƙe bindiga kuma ka shafa wa turken ɗan jan farce mara kala ko siririn sufa gulu, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar, in ka mayar da ɗanye ta manne kenan har abada. Wajen ajiya ka nisanta shi da taga don rana tana mayar da farin roba rawaya, ƙura kuma buroshin hoda na mata mai laushi ne maganinta, sabo za ka saya ba na uwargida za ka ɗauka ba.